A Rataye Tsohuwar Taswira, Amma a Bar Mata Shekararta

Wani yayi ya shigo, kuma kamar yawancin irinsa daga waje ya iso mana. Ofishin lauya, harabar otal, ɗakin taron kamfani, shagon masu yankar tikitin jirgi, har falon amarya 'yar boko, sai ka tarar an rataye ƙatuwar taswirar duniya mai launin ruwan ƙasa, gefenta kamar wuta ta lasa, an zana mata jiragen ruwa irin na da a tsakiyar teku, an sa ta a firam an rufe da gilashi. Mai wurin zai ce maka ai tsohuwar taswira ce. Matsa kusa ka duba ƙasan Masar. In ka ga Sudan guda biyu, to magana ta ƙare, domin Sudan ta Kudu ba ta zama ƙasa ba sai watan Yulin 2011. Taswirar yau ce aka zuba mata launin shayi, aka ƙona mata gefe a kwamfuta, aka sayar a matsayin kayan kakanni. Wata ma ba ka buƙatar zuwa Sudan, ka duba kudancin Afirka za ka ga Eswatini, sunan da aka raɗa wa Swaziland a 2018.

Ni ba ni da rigima da ado. Bango ya fi kyau da taswira a kan ya zauna fayau, kuma yaron da ya tashi yana ganin duniya a bangon gidansu ya riga ɗan'uwansa samun wani abu. Rigimata da ɓangarori biyu ce. Akwai masu ɗaukar tsohuwar taswirar siyasa a matsayin kwalliya zalla, su datse gefen da aka rubuta shekara da sunan maɗaba'a don ta shiga firam. Akwai kuma masu cewa a sauke ta gaba ɗaya tunda Turawan mulkin mallaka ne suka zana ta don fariya. Dukkansu biyun suna toshe mata baki ne. Taswirar siyasa da'awa ce da wani ya yi a wata shekara, cewa nan nawa ne, can naka ne. In aka cire shekarar da sunan mai da'awar, ta koma kamar takardar cinikin gona da ba kwanan wata ba shaidu: takarda ce dai, amma ba alƙalin da zai saurare ta.

Abin da masu jabun nan suke kwaikwaya ma ba tsufa ba ne, lalacewa ce. Taswirorin ƙarni na 17 da na 18 da aka adana da kyau, takardarsu fara ce har yanzu, saboda daga tsummoki aka yi ta. A kan farantin tagulla ake sassaƙa zanen, a shafa tawada, a danna a takarda mai ɗan danshi, shi ya sa in ka shafa yatsa a gefen ta gaskiya za ka ji sawun farantin ya lotsa takardar. Launin kuma da hannu ake sa shi, kore da rawaya da ja, wani lokaci ya ɗan zarce layi. Yawancinsu suna da karya a tsakiya, domin a cikin littafi aka ɗinke su. Wannan ruwan ƙasar da ake sha'awa yanzu aikin rana ne da hayaƙi da danshi da takardar banza ta ƙarshen ƙarni na 19. Mai kula da gidan adana kayan tarihi in ya ga taswira ta yi wannan launi, ransa ne ke ɓaci.

Daɗin taswira ta gaskiya shi ne ko an yage shekarar, ita da kanta za ta faɗa maka. A ce ka samu wata a tsohon akwatin mahaifinka. Ka ga an rubuta Ghana a inda ake rubuta Gold Coast, ka san an wuce watan Maris na 1957. Ka ga Masar da Siriya launi ɗaya da suna ɗaya, Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Larabawa, to an shiga 1958. Gini ta fita daga launin Faransa, an kai watan Oktoba na wannan shekarar. Amma Nijeriya tana nan da launin Ingila, Kongo tana hannun Beljiyam, babban birninta Leopoldville. Ke nan ba a kai tsakiyar 1960 ba. Ba tare da ka buɗe littafi ba ka matse ta cikin ƙasa da shekara biyu.

Ko kuma irin wadda da yawanmu muka gani a bangon aji. Upper Volta ta ɓace, Burkina Faso ta maye gurbinta, aikin Thomas Sankara a watan Agustan 1984. Jamus biyu ce, ta Gabas da ta Yamma. Yaman biyu ce. Zayar, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yau, tana nan, Yugoslabiya tana nan, Habasha tana da gaɓar teku saboda Eritiriya ba ta ɓalle ba, Tarayyar Sobiyet ta shimfiɗe daga Turai har bakin tekun Fasifik. Tauraron babban birnin Nijeriya yana kan Legas, don ba a tare a Abuja ba sai 12 ga Disamban 1991. Wannan taswirar tsakanin 1984 da 1990 aka yi ta. Sai dai a yi hattara, maɗaba'u suna da nawa, sukan ci gaba da buga tsohon zane shekaru bayan duniya ta canza, musamman masu arha da ake kawo wa makarantu. Sabon suna shi ne hujja mai ƙarfi. Tsohon suna yakan zama lalacin mai bugawa ne kawai.

Wannan wasa na gano shekara ya fi rabin darasin tarihin da ake bayarwa a aji amfani. Yaron da ya tambayi dalilin da ya sa babu Zayar a wayarsa ya riga ya kama hanyar sanin labarin Mobutu, shugaban da ya raɗa wa Kongo wannan suna. Wanda ya lura cewa a taswirar 1960 akwai wani siririn yanki a gabashin Nijeriya da aka yi masa zane dabam, zai gano cewa Mubi da Bama da Gwoza da Gembu ba su cikin Nijeriya ranar da aka sauke tutar Ingila. Yankin amana ne na Majalisar Ɗinkin Duniya, ragowar Kamarun Jamus, sai da aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi a Fabrairun 1961 suka shigo a watan Yuni, aka kira wurin Lardin Sardauna. Taswirar farkon shekarun 1920 za ta nuna masa cewa Zinder ce hedikwatar Nijar kafin a mayar Yamai a 1926. Tafkin Chadi kuwa zai gan shi shuɗi fal, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000 a shekarun 1960, kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa. Babu wanda ya buga waɗannan taswirori don ya ajiye mana shaidar tafkin. Ta shiga ne ba da niyya ba.

Yanzu mu zo kan waɗanda suka fi tayar da hankali. A 1886 wata mujalla a Landan ta raba wa masu karatunta taswirar duniya da aka yi wa ƙasashen daular Birtaniya launin ja mai ruwan hoda. A ƙasa an zana wata mace, alamar Birtaniya, zaune a kan dunƙulen duniya, an kewaye ta da mutanen ƙasashen da aka mallake, Indiyawa da 'yan Afirka da sauransu, ga giwa ga damisa. A gefe an sa ƙaramar taswira ta 1786 don mai kallo ya ga yadda daular ta yi ƙiba cikin shekara ɗari. Tana daga cikin taswirorin da aka fi sake bugawa don ado a yau, kuma gaskiya tana da kyau a ido. Ba boyon manufa a cikinta. Talla ce, ta daula.

Abin da ya shafe mu kai tsaye ya zo bayan shekara huɗu. A watan Agustan 1890 Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga garin Say a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi: arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. Firaministan Birtaniya na lokacin, Salisbury, da bakinsa ya yi ba'a cewa suna ta ba juna kyautar duwatsu da koguna da tafkuna, abin da kawai ya ɗan dame su shi ne ba su san takamaimai inda duwatsun da kogunan suke ba. Daga nan taswirorin Turai suka fara shafa wa ƙasar Hausa launin Ingila da sunan kamfanin Royal Niger. A lokacin Sarkin Musulmi yana kan gadonsa, sarakuna suna kai gaisuwa Sakkwato, alƙalai suna shari'a, fatake suna fita Gwanja. Kano ba ta faɗi ba sai Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a Yuli. Fenti ya riga bindiga isowa da shekara goma sha uku. Duk wanda yake da taswirar Afirka ta 1895 yana riƙe da hujjar cewa an rubuta mallakar kafin a yi ta.

Layin ma bai tsaya wuri ɗaya ba. A yarjejeniyar 1898 an kafa tsinken kamfas a tsakiyar birnin Sakkwato aka ja baka mai nisan mil 100, aka ce nan ne iyaka. Faransawa suka ga an bar su da hanyar da ba rijiyoyi tsakanin kogi da Damagaram, suka yi ta ƙorafi, aka sake zama a 1904 da 1906 aka turo layin kudu, sannan ayarin Faransa ƙarƙashin wani hafsa mai suna Tilho da takwarorinsa na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Da haka Konni ta rabu da Illela, Maraɗi ta rabu da Katsina. Jera taswirori uku na waɗannan shekaru ka ga iyakar tana tafiya. (Af, maganar da ake yawan yi cewa a taron Balin na 1884 zuwa 1885 aka zauna da rula aka yanka Afirka, ba haka ta faru ba. A can an tsara ƙa'idar rabon ne. Yankan kansa a irin waɗannan zaman na ƙasa biyu-biyu aka yi shi, cikin shekaru kusan talatin.)

To ga tambayar masu cewa a sauke, kuma tambaya ce mai nauyi: don me jikan wanda aka ci da yaƙi zai rataye fariyar wanda ya ci kakansa a falonsa? Ba zan ce ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Akwai bambanci tsakanin Bature a Landan da ya rataye taswirar 1886 yana kewar zamanin da rana ba ta faɗuwa a daularsu, da Bakano da ya rataye ta. Akwai kuma abin kunya a ga ofishin gwamnati a Afirka an ƙawata shi da irin wannan ba tare da wanda ya sayo ta ya taɓa karanta abin da ke jikinta ba, don kawai ya gan ta a ofisoshin Dubai. Wannan na yarda a sauke.

Amma sauke jahilci dabam, sauke shaida dabam. Wanda aka zalunta shi ya fi kowa buƙatar takardar da azzalumin ya rubuta da hannunsa. Falasɗinawa sun san wannan, shi ya sa taswirorin da hukumar safiyo ta Ingila ta buga kafin 1948 suke da daraja a wurinsu, domin suna ɗauke da sunayen ɗaruruwan ƙauyukan da yanzu babu su a ƙasa. Ba Falasɗinawa suka zana su ba, 'yan mulkin mallaka ne, don karɓar haraji da sarrafa ƙasa. Duk da haka su ne hujjar. A 1934 gwamnatin Salazar ta Fotugal ta yaɗa wata taswira da aka ɗora Angola da Mozambik a kan Turai, aka rubuta cewa Fotugal ba ƙaramar ƙasa ba ce. Babu laccar da za ta nuna wa ɗalibi tunanin ɗan mulkin mallaka kamar wannan takarda guda. A 1988 shugaban hukumar taswira ta Tarayyar Sobiyet, Viktor Yashchenko, ya amsa a jarida cewa shekara kusan hamsin suna karkatar da koguna da hanyoyi da garuruwa da gangan a taswirorin da ake sayar wa jama'a, bisa umarnin 'yan sandan ciki. Da an tattara waɗancan taswirori an ƙone don ƙarya ce a cikinsu, da yau ba abin da za a gwada.

Kuma kada a ɗauka waɗannan takardu sun mutu. A 1964 a Alƙahira shugabannin Afirka suka amince a riƙe iyakokin da aka gada ranar samun 'yanci, wato suka sa hannu a kan aikin su Salisbury. Ranar 10 ga Oktoban 2002 Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakassi, ta dogara da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913. A ɓangaren Tafkin Chadi ta koma kan yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1919 da 1931, da taswirar wani Bajamushe mai suna Moisel, ƙauyuka irin su Darak suka koma Kamaru. Mutanen da suka wayi gari a wata ƙasa ba su taɓa ganin taswirar Moisel ba. A 2005 kotun ta raba gardamar Nijar da Benin, tsibirin Lete ya zama na Nijar, can ma takardun Faransawa aka baje. Sai dai kotun da kanta, a shari'ar Burkina Faso da Mali ta 1986, ta ja kunne cewa taswira ita kaɗai ba ta ba kowa ƙasa, bayani ce kawai, sai in an haɗa ta da yarjejeniyar da aka sa wa hannu. Alƙalan sun fi masu ado fahimtar abin: kafin su karɓi taswira sai sun tambayi wa ya yi ta, yaushe, kuma don wa.

Dalilin wannan taka-tsantsan a bayyane yake ga wanda ya san labarin Duwatsun Kong. A 1798 masanin taswira James Rennell ya zana wani dogon jerin duwatsu da ya ratsa Afirka ta Yamma daga yamma zuwa gabas, a taswirar da ya yi wa tafiyar Mungo Park, Baturen da ya zo binciken kogin Kwara. Babu su. Amma mai zane ya kwafi mai zane, suka yi ta fitowa a taswirori gommai kusan shekara casa'in, har sai da Bafaranshe Binger ya ratsa yankin tsakanin 1887 da 1889, ya isa garin Kong a arewacin Kwaddibuwa ta yau, ya ga fili. Fataken goro da suke bin hanyar Gwanja tun kafin a haifi Rennell sun san ba wani bangon dutse a can, ba wanda ya tambaye su ne. Haka Kalifoniya ta daɗe tana fitowa a matsayin tsibiri a taswirorin ƙarni na 17.

A ɗaya gefen kuma, waɗannan tsofaffin taswirori na Turai suna da abin da zai faranta ran Bahaushe. Duba Afirka a taswirorin Holan na ƙarni na 16 da na 17, za ka ga Cano, Casena, Zegzeg, Zanfara, Guber. Kano ce da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, an ɗauko su daga bayanin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da aka buga a 1550. An jera su ba daidai ba, an sa kogin Kwara yana gudu yamma, amma suna nan, a matsayin masarautu, shekara ɗari uku da ɗoriya kafin 'yar jaridar Ingila Flora Shaw ta ba da shawarar sunan Nijeriya a 1897. In ana neman abin ratayewa a falon Kano, ga shi.

Ba kuma Turawa kaɗai suka zana duniya ba, ko da yake kasuwar ado ta sa mutane suna zaton haka. A 1154 Al-Idrisi, haifaffen Sabta, ya kammala wa sarkin Sisiliya Roger na biyu taswirar duniya da kudu a sama, Afirka a bisa Turai. Wanda ya fara ganinta yakan yi ƙoƙarin juya ta, ya ce an rataye ta a kife. A 1375 a tsibirin Mayorka aka zana Mansa Musa zaune da kambi yana riƙe da zinariya, shekara hamsin bayan hajjinsa na 1324, taswirar tana Faris yanzu. A 1824 da Baturen Birtaniya mai yawon bincike Clapperton ya sauka Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswirar ƙasashen Sudan ta tsakiya da garuruwa da hanyoyi da kogin Kwara, aka buga ta a Landan a 1826. Ita ma tana da kurakuranta, kuma masana sun daɗe suna muhawara ko Bello ya karkatar da bakin kogin ne da sani don kada baƙon ya gane hanya. Ban taɓa shiga ofis na ga an rataye ta ba. Na ga ta 1886 ba adadi.

Akwai batun girman ƙasashe a taswira, wanda ya sake tasowa a 2025 da Tarayyar Afirka ta goyi bayan kamfen ɗin a daina amfani da tsarin zana taswira na Mercator a koma wanda ake kira Equal Earth, da aka fitar a 2018. A tsarin Mercator tsibirin Girinland yana fitowa kusan girman Afirka, alhali Afirka, mai murabba'in kilomita miliyan 30, ta ninka shi sau goma sha huɗu. Ina tare da su a kan taswirar da za a koyar da yara da ita gobe. Amma a yi wa mutumin adalci. Gerardus Mercator ya fitar da tsarinsa a 1569 don matuƙan jirgin ruwa, yadda in ka ja miƙaƙƙen layi daga tasha zuwa tasha, ka bi kamfas a kansa, za ka isa. Don a samu haka dole a buɗa ƙasashen da suke nesa da tsakiyar duniya. Laifin na waɗanda suka ɗauke ta daga jirgi suka kai aji ne, kuma ba a rasa dalilinsu ba, tunda tana kumbura Kanada ta cika ido da launin Ingila. Hanya mafi sauƙi ta nuna wa yaro wannan ita ce a rataye tsohuwar kusa da sabuwar. In an jefar da tsohuwar, da me za a kwatanta?

Wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce, ga taswira a waya. Ta waya ta fi kowace ta takarda daidai wurin kai ka unguwa, ba gardama. Matsalarta ita ce ba ta da jiya. A Fabrairun 2025, bayan umarnin Donald Trump, Google ya canza sunan Mashigin Tekun Meziko: mai kallo daga Amurka yana ganin Mashigin Tekun Amurka, na Meziko yana ganin tsohon suna, sauran duniya suna ganin duka biyun. Kirimiya tun 2014 iyakarta ta danganta da ƙasar da kake zaune. Kashmir haka. Kowa ana nuna masa abin da gwamnatinsa take so ya gani, kuma ranar da aka canza ba a barin sawu. Ta takarda ba ta iya wannan. Abin da aka buga a 1959 yana nan a 1959, mai bugawa ba shi da hanyar shigowa gidanka da dare ya gyara.

Game da saye kuwa, shawarata kada mai son ado ya nemi ta asali. Kasuwar tana da kuɗi ƙwarai: taswirar Waldseemüller ta 1507, wadda ta fara ɗaukar sunan Amurka, kwafi ɗaya tak ya rage, kuma Ɗakin Karatun Majalisar Dokokin Amurka ya saye shi dala miliyan 10 a 2003. Inda kuɗi suke haka ɓarna ba ta nisa. Yawancin taswirorin asali da ake sayarwa ɗai-ɗai a firam daga cikin littattafai aka yanko su, saboda dillali ya fi samun riba in ya farke littafi ya sayar da shafi-shafi. A 2005 aka kama wani sanannen dillali, Forbes Smiley, a ɗakin karatu na jami'ar Yale bayan wata ma'aikaciya ta tsinci reza a ƙasa. Ya amsa cewa ya sace taswirori 97 daga manyan ɗakunan karatu. Kowane mai sayen shafi guda don bangonsa yana ƙara wa mai reza ƙwarin gwiwa.

Kwafi ya wadatar, kuma kwafi ba jabu ba ne muddin ya faɗi gaskiyar abin da aka kwafa. Manyan ɗakunan karatu na duniya sun ɗora hotunan taswirorinsu a intanet, tarin David Rumsey kaɗai ya haura dubu ɗari, ana saukewa kyauta. Kai wa mai buga fosta a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, ka tsaya a kansa. Zai so ya datse farin gefen don ta yi kyau, ka hana shi, domin a nan ƙasa cikin ƙananan haruffa sunan maɗaba'a da gari da shekara suke. Zai so ya ƙara mata ruwan ƙasa, ka ce a'a. In asalin ba shi da shekara a jiki, rubuta a 'yar takarda ka saka cikin firam ɗin: wane ya zana, a ina, wace shekara, daga wane ɗakin karatu aka samo.

Na asalin da ya kamata mu damu da su suna nan kusa da mu, ba kuma wanda yake neman su. Tsofaffin makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai suna da taswirorin bango masu bayan ƙyalle da sanda sama da ƙasa, an naɗe an jingina a sito tare da karyayyun kujeru. Wasu na duniya ne, wasu na Nijeriya mai jihohi 12 ta 1967 ko mai 19 ta 1976, wasu na Jihar Arewa da lardunanta. Na ga wadda gara ta shiga ta ƙasan naɗin ta cinye Kudancin Amurka da rabin Ostareliya, ta bar ƙasa a madadinsu, in ka buɗe sai garin takarda ya zubo maka a ƙafa. Ba a jefar da ita ba, ba a kuma adana ta ba. Ceton irin waɗannan ba ya buƙatar kwangila. A ɗaga su daga ƙasa, a kakkaɓe da busasshen ƙyalle, a nisanta su da bangon da yake jiƙa da damina da tagar da rana take shigowa. Kada a manna salatif a inda ya yage, yana barin tabon da ba ya fita, kada kuma a kai a narka mata leda a jiki, don ba a iya cirewa. A ɗauki hoton kowace ɗaya da waya, har da kusurwar da aka rubuta maɗaba'a, a rubuta su a rajista kamar yadda ake rubuta littattafan laburare, a damƙa mabuɗin a hannun malamin tarihi ko na labarin ƙasa.